Manomi Ba Ya Cin Iri: Mu Daina Sayar Da Dajinmu Ɗai-Ɗai

Wata ranar Litinin cikin watan Oktoban bara waccan, ina tsakiyar darasin lissafi a ajin CM2, sai na lura yara uku na bencin ƙarshe sun bar kallon allo sun koma leƙen wata jaka. Na ce a miƙo mini ita. Ɗan kunkuru ne a ciki, bai kai tafin hannuna ba, an huda gefen ƙoƙon bayansa an zura masa zare. Mai jakar, yaro ɗan shekara 12, ya ce kawunsa ne ya zo masa da shi da suka dawo kiwo daga arewa. Na tambaye shi me zai yi da shi. Ya ce, "Mushe, akwai wani mai babur da ke zuwa ran kasuwa, shi ke saye. Dala ɗari biyu ya ce zai ba ni. Ya ce in na samo tsirya ko kanari ma yana so."

Ban doki yaron ba, don ba shi ne mai laifi ba. Na aika a kira mahaifinsa, mutumin kirki, manomi kamar iyayenmu duka. Da na gama bayani ya yi murmushi ya ce, "Malam, dabbar daji ce fa. Allah ya yi ta, ba ta kowa ba ce. In shi bai ɗauka ba, wani zai ɗauka."

Wannan magana ita ce dalilin rubutun nan. Na ji ta a bakin iyaye, na ji ta a bakin malamai 'yan'uwana, har a bakin masu ilimin da ya fi nawa. Ina so in faɗa ba tare da kwana-kwana ba: magana ce marar tushe, kuma ita ce ta cinye dajin Arewa muna kallo.

Duk mai shakka ya samu dattijon da ya haura shekara 60 a Geceme, ko Tibiri, ko Lido, ko Matankari, ya tambaye shi abin da yake gani a hanyar gona yana yaro. Zai lissafo barewa, da gada, da tuje, da garken zabin daji, da gauraka a bakin tafki in damina ta sauka. Daga nan a shigo ajina a ce yara su zana gauraka. Mafi yawansu a littafi kawai suka san ta. Tsuntsuwar da Najeriya ta ɗauka a matsayin tsuntsuwar ƙasa, yau ko a can sai an sha wuya kafin a ga guda a daji, kuma cikin abubuwan da suka kawo haka har da kama ta da ake yi ana kai wa manya su ajiye a tsakar gida don ado.

Na san abin da za a ce mini: gonaki ne suka cinye daji, ba yara masu tarko ba. Gaskiya ne, kuma ba ƙarama ba. A ƙidayar 1977 mutanen Nijar sun ɗan haura miliyan 5, a ta 2012 sun kai miliyan 17, yau kuwa an wuce miliyan 25. A Dallol Mawri babu sauran saura, ko'ina an noma. To amma wannan hujja a kanmu take juyawa. Lokacin da daji ke da faɗi, in an ɗauki kunkuru ɗaya akwai ɗari a baya. Yau da ya rage tsirarun da suka maƙale a 'yan wurare, ɗayan da aka ɗauka yana iya zama macen ƙarshe a wannan yanki. Manomin da rumbunsa ke cike yana iya kyauta da dami. Wanda ya rage masa tiya biyu ta iri, in ya daka ya yi fura, ya gama da baɗi.

Bari in ɗauke ku zuwa nesa kaɗan, wurin da aka riga mu faɗawa wannan rami, don gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A Amurka da Turai da Japan mutane na ajiye kifi masu launi a akwatin gilashi cikin ɗaki, kamar yadda muke rataye kejin kanari a zaure. Kifin ruwan daɗi da ake sayarwa don wannan ado, mafi yawansa a gona ake ƙyanƙyashe shi. Na teku kuwa, mafi yawansa har yanzu daga cikin teku ake kamo shi, musamman a Indonesiya da Filifin. Wasu masuntan suna nutsewa da gora cike da gubar sayanaid, su fesa a ramukan duwatsun murjani inda kifin ke ɓuya. Kifin ya suma su kwashe. Gubar tana kashe murjanin da kifin ke rayuwa a cikinsa, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka kama suna mutuwa a hanya ko bayan 'yan kwanaki a gidan mai saye. Masuncin da ya sa ransa cikin haɗari 'yan kuɗi kaɗan yake samu. Riba tana wajen dillali da mai kanti.

Akwai wani ɗan kifi mai zane baƙi da fari da asalinsa ba a samunsa ko'ina a duniya sai kewayen tsibiran Bangai na Indonesiya. A tsakiyar shekarun 1990 'yan kasuwa suka gano shi, aka dinga kwasar dubban ɗaruruwa a kowace shekara. Kifi ne mai ƙarancin haihuwa: ƙwai kaɗan macen ke yi, namijin ya riƙe su a bakinsa har su ƙyanƙyashe. A shekarar 2007 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke cikin haɗari, ta sa shi a jerin masu fuskantar ƙarewa. Shekara goma sha kaɗan ke nan tsakanin shigarsa kasuwa da shigarsa wannan jeri. Abin haushin shi ne kifin nan yana da sauƙin kiwo a gida. Abin da ya hana shi ne arha: wanda aka kamo a banza kullum yana karya farashin wanda aka wahala aka rena.

A tsibirin Hawai kuma akwai wani rawayan kifi da aka daɗe ana kwasa. Masu bincike a wata cibiyar nazarin teku da ke can suka shafe fiye da shekara goma suna neman yadda za su rena 'ya'yansa, waɗanda ƙanƙantarsu ta sa da wuya a san abin da za a ba su su ci. A 2015 suka yi nasara. A 2017 kotun ƙolin jihar ta taka wa masu kamun birki, a farkon 2021 kuma aka tsayar da kamun na kasuwanci gaba ɗaya. Yau ana sayar da wanda aka rena. Ya fi tsada, amma ya saba da abincin gida, ya fi jure zama cikin gilashi. Ku lura da abu biyu da suka haɗu a nan: an rufe ƙofar kamu, an buɗe ta kiwo. Ɗaya ba ta aiki ba tare da ɗayar ba.

Mu dawo kan kunkurunmu, don labarinsa ya fi na kifin ban takaici. Babban kunkurun Sahel, wanda ke rayuwa daga Senegal har Habasha, shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galafagos da na Aldabra. A duk faɗin nahiyoyi babu kamarsa. Yana iya haura kilo 70, yana iya rayuwa fiye da shekara 70. Yana haƙa rami mai zurfi ya shige lokacin bazara, kuma ƙananan dabbobi da yawa suna fakewa a ramukan da ya bari. Macen na yin ƙwai 15 zuwa 30 a zubi ɗaya, amma kaɗan ne cikin 'ya'yan ke tsira daga dila da shaho da tunku, kuma wanda ya tsira sai ya shafe shekara goma ko fiye kafin ya isa haihuwa. Dabbar da ke tafiyar hawainiya haka wajen hayayyafa ba ta iya jure mai babur da ke zuwa duk mako.

An yi shekaru ana fitar da shi zuwa Turai da Amurka da Japan. A shekarar 2000, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Nairobi, aka hana fitar da duk wanda aka kamo daga daji don kasuwanci. Nijar tana cikin wannan yarjejeniya tun 1975. A wannan shekara ta 2000 Amurka ma ta hana shigo da shi, saboda kaskar da ke jikinsa tana iya ɗaukar cutar da ke kashe shanu da tumaki. Me Amurkawa suka yi? Suka rena waɗanda ke hannunsu. Yau ana ƙyanƙyashe kunkurun Sahel da yawa a can, ana sayar da 'ya'yansa a kantunan dabbobi, har gidajen karɓar dabbobin da aka gaji da su suna kukan sun cika. Mu kuwa masu asalin abin, IUCN ta sa namu a jerin masu fuskantar ƙarewa. Baƙo ya ɗauki irinmu ya shuka ya cika rumbu, mu muna ci gaba da tsintar ragowar muna sayarwa jaka guda.

Wani zai ce ai mu ma muna ajiye shi a gida, ba kashewa muke yi ba. Na shiga gidaje da dama na ga irin wannan ajiya: kunkuru ɗaya tilo, an huda bayansa an ɗaure da igiya a gindin bishiya, ana jefa masa ragowar tuwo, wai yana kawo tsawon rai ko yana kare gida. Ƙoƙon nan da ake hudawa ƙashi ne mai rai, yana jin zafi. Kuma kunkurun da ya shekara 30 shi kaɗai a tsakar gida, bai haifi ko ɗaya ba, a lissafin jinsinsa daidai yake da wanda aka yanka ranar da aka kama shi. Haka gaurakar da aka karya wa fiffike, haka barewar da ke ɗaure a gidan Alhaji, haka tsiryar da aka ciro daga kogon gawo tun ba ta yi gashi ba. Kowa ya taɓa ganin yara sun ciro 'ya'yan tsuntsu ya san nawa ke kai mako guda da rai. Mu da ake karanta mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, bai kamata sai wani ya zo daga waje ya koya mana wannan ba.

In ana neman misalin inda wannan hanya ke ƙarewa, ga jimina. A ƙasar nan tamu, a tsaunukan Ayar, akwai garken jimina mai jan wuya har farkon shekarun 1990. Cikin rikicin tawayen wancan lokaci aka harbe su, ba su sake farfaɗowa ba, har aka wayi gari babu jimina ko ɗaya a dajin Nijar. Abin da ya hana a ce an rasa ta kwata-kwata shi ne 'yan ƙalilan da suka rage a hannun mutane. Da su aka kafa wurin kiwo a Kelle, cikin gundumar Gure a jihar Damagaram, ana ta fama shekara da shekaru don a samu garken da za a mayar daji. A Cadi kuma, mariri, wanda aka bayyana ya ƙare a daji a shekarar 2000, an dawo da shi a 2016 daga garken da aka rena a Abu Dabi, ya hayayyafa, har a ƙarshen 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Kiwo yana ceto, wannan ba gardama. Amma a dubi kuɗin da aka kashe, da jiragen sama, da likitoci, da shekaru, don gyara ɓarnar da bindiga ta yi cikin 'yan watanni. Rigakafi ya fi magani.

Yanzu ga hujjar da ta fi kowace nauyi, wadda ba na raina ta: talauci. Jaka guda kuɗi ce a gidan da babu. Ni malamin makaranta ne, na san ranar 25 ga wata. Amma a yi lissafi irin na aji uku. Kunkuru sau ɗaya ake sayar da shi. Kuɗin ya ƙare kafin la'asar, dajin kuma ba zai sake ba da wani ba sai bayan shekaru, in ma ya bayar. Wanda ya saya jaka guda zai sayar a birni da ninkin da yaron bai taɓa mafarki ba. Wannan ciniki ba ya fitar da kowa daga talauci. Abin da yake koya wa yaro shi ne arziki tsintuwa ne, kuma abin da ba na kowa ba na wanda ya riga ne. Yaron da ya tashi da wannan karatu, gobe shi ne zai sare gawon makarantarsu, shi ne zai cire tagar asibiti, don su ma "ba na kowa ba ne".

Masu cewa kiwon dabbar daji aikin Turawa ne, mai buƙatar na'ura da miliyoyi, sun manta da abin da ke yawo a tsakar gidansu. Zabo daga ina ya fito? Tsuntsun daji ne na Afirka ta Yamma, kakanninmu suka mayar da shi na gida. Babu tsohuwar da ba ta san a tara ƙwan zabi da damina a sa wa kaza ta kwanta a kai ba, ta san na kaza kwana 21 ne, na zabo sai ya kusa mako huɗu. Zabin daji sun yi ƙaranci, amma zabo bai ƙare ba kuma ba zai ƙare ba, har Faransa ana kiwonsa da yawa. Tarwaɗa ma haka: a da sai wadda aka kamo a gulbi, yau a Najeriya ana ƙyanƙyashe 'ya'yanta a gonakin kifi, ƙasar ta zama kan gaba a duniya wajen kiwon irin wannan kifi, mu ma ana zuba 'ya'yan kifi a tafkunanmu. Ilimin da masu binciken Hawai suka sha wuya a kansa, tushensa ɗaya da na kakata da kazarta.

Sai dai ba zan yaudari kowa ba, kiwo yana da nasa haɗarin, kuma dole masu goyon bayansa irina su faɗa. Na farko, yana zama mayafin ɓarayi. Tunda aka hana fitar da na daji, wasu dillalai sun koyi rubuta "haifaffen gida" a takarda alhali daga daji aka kwaso. An ga haka a cinikin kunkuru, an ga haka a cinikin aku, wanda tun 2016 aka hana cinikin na dajinsa tsakanin ƙasashe bayan da aka gano ya kusan ƙarewa a Gana. Wurin kiwon da ba a ƙirga iyaye da 'ya'ya a bainar jama'a, kasuwar sata ce mai katanga. Na biyu, kiwo ba ya mayar da daji. In babu wurin da dabba za ta koma, an dai yi gidan kallo. Raƙumin dawa na Kure ba a keji aka cece shi ba. A 1996 saura 49 kacal, aka daina kashewa, mutanen ƙauyuka suka yarda su zauna da shi, yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji. Na uku, ba kowa ne zai tashi ya ce shi mai kiwon kunkuru ba ne. Akwai dokar farauta da kare namun daji ta 29 ga Afrilun 1998, kuma kama dabbar daji ko tsare ta yana da ƙa'ida. A Senegal, a ƙauyen Noflaye kusa da Dakar, akwai wurin da ake tara kunkurun da aka karɓo daga gidaje, a haɗa maza da mata, a rena 'ya'yan, har an mayar da wasu dajin Ferlo. Irin wannan muke buƙata a jihar Doso, ƙarƙashin idon jami'an gandun daji, da dabbobin da suka riga suka shiga hannun mutane, ba tare da an sake taɓa na daji ko ɗaya ba.

To me ya rage gare mu, malamai da iyaye?

Malamai, mu daina koyar da darasin muhalli kamar haddar sunayen kogunan Turai. A makarantar horon malamai an koya mana cewa yaro da abin da ya taɓa yake ganewa. Kowace makaranta tana iya ware kusurwa ɗaya ta yi akurkin zabi, ko ɗakin tattabaru, ko na zomaye. Yara su ƙirga ƙwai, su rubuta ranar kwanci da ranar ƙyanƙyasa, su lissafa nawa suka mutu da dalili, su fitar da kuɗin dawa da riba. Lissafi ne, kimiyya ce, tarbiyya ce, kuma kwamitin iyaye na makaranta zai iya ɗaukar nauyin farawa. A gayyato dattijo ya zo aji ya faɗi dabbobin da ya sani da inda suke sha ruwa, yara su rubuta da Hausa kafin sunayen ma su bi dabbobin.

Iyaye, in yaro ya shigo da kuɗin da ba ku ba shi ba, ku tambaye shi. In ya shigo da ɗan tsuntsu ko kunkuru, ku tambaye shi inda ya samo da wanda ya aike shi. Mutumin da ke tura 'ya'yan mutane hawan bishiya da zura hannu a rami, inda maciji ma ke kwana, don ya samu kayan sayarwa a birni, ba abokin arzikinku ba ne. Ku faɗa wa mai gari, ku faɗa wa jami'in gandun daji. Masu hali kuma, masu sayen barewa da gauraka don a ce gidan wane akwai, ku sani kuɗinku ne ke ɗana tarkon. Ranar da kuka daina saye, mai babur zai nemi wata sana'a. In sha'awar tsuntsu ce, ga tattabara iri-iri, ga talotalo, ga ɗawisu haifaffen gida.

Ɗan kunkurun nan mun cire masa zaren, muka miƙa shi ga jami'in gandun daji. Mahaifin yaron bai ji daɗi ba a ranar, kuma ban ga laifinsa ba, jaka guda ce ta tafi. Da damina ta zagayo na saya wa yaron ƙwan zabi 15, mahaifiyarsa ta ba da aron kaza. Sha ɗaya suka ƙyanƙyashe, sanyi da shaho suka ɗauki biyar, shida suka girma. Ya sayar da biyu ya sayi littattafan shiga kwaleji, kowane ɗaya ya ninka kuɗin kunkurun. Huɗun ya ƙi sayarwa. Da na tambaye shi dalili ya ce, "Mushe, su ne iri."

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu ikon barin wani abu ga na baya.